Layar da Ta Kashe Mani Garanti

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Lami. "In ka yarda, ka turo manya. In ba ka yarda ba, ka daina kashe takalminka a hanyar gidanmu."

Muna soron gidansu a Ƙofar Kaura, bayan la'asar. Tana zaune bakin tabarma cikin atamfa mai ruwan ganye da farin mayafi, awarwaro biyu a hannun dama, yatsunta duk tawada. Ni ina can gefe, na yi wanka da sabulu mai ƙamshi har fatata na zafi, don dillalin fatu ne ni, kuma wanda ya yini cikin kirgi ya san yadda mutane ke yi da hancinsu.

"Faɗi, ina ji."

"An ba ni aji a wani ƙauye bayan Batagarawa. Da an dawo hutu zan fara. Baba ya ce ɗiyarshi ba ta kwana a ƙauye, ba ta kuma hawa bayan namijin da ba mijinta ba. Ko dai mijina ya kai ni da safe ya ɗauko ni da azahar, ko in naɗe takardata in sa ƙasan akwati. Ni kuwa ban yi shekarun nan a makarantar horon malamai don ƙasan akwati ba."

"To ai ina da keke."

"Keke? A yashin nan? Sai dai in isa in tarar yara sun tashi."

"Babur kenan."

"Babur. Sabo, ba na hannu da zai riƙa mace mana a daji ba. A ɗaura aure kafin a buɗe makaranta." Ta sunkuyar da kai. "Ba babur nake aure ba, Malam Sammani. Kai nake so, ka sani. Amma kada ka bari a sa ni zaɓa tsakaninka da alli, don amsar ba za ta yi maka daɗi ba."

Na ce na yarda. Ta ce in ce wallahi. Na ce wallahi.

Ku da kuke karanta wannan a waya, yawancinku ba a haifi iyayenku ba lokacin. Shekarun da kuɗin mai suka sauko ne, bayan ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, gwamnati kuma na buɗe makarantu a kowane ƙauye. Duk wanda ke da teburi a ofis ya wayi gari da babur. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sada, akawu a ofishin En'e, wanda shi ma ke zuwa soron nan ranakun da ban zuwa. Inna Jummai, mahaifiyar Lami, shi take so. Har ta bango nakan jiyo ta: "Ga mai albashi da babur a ƙofa, kin tsaya ma mai warin jima." Malam Dabo, mahaifinta, bai zaɓi kowa ba. Shi dai maganarshi ɗaya ce, kuma in ya yi magana ba ya sake ta.

Na kwashe duk fatun da na tara na sayar, na haɗa da rabona na gonar gado. Jarina kenan kaf. Na nufi kamfanin babura da ke hanyar Kano. Ba ni faɗin sunanshi, ya daɗe da rushewa, Allah ya ƙara nauyin ƙasa.

Manajan wurin, Babaji, ya tarbe ni kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Makka. Kwat ɗin safari, baƙin tabarau a cikin ɗaki, fanka na kaɗa mashi takardu. Ya sa aka kawo mani lemo mai sanyi. Ya kai ni gaban wani jan babur ɗan Japan, sirdin ko leda ba a cire ba.

"Alhaji," ya ce mani, ni da ko Kano ban cika zuwa ba, "ka ga wannan ɗigon rawayan fenti a kan kowace kusa? Shi ne garanti. Muddin fentin nan bai fashe ba, komi ya lalace kamfani ke gyarawa, ko kwabo ba ka ba da. Abu ɗaya: kada makanikin bakin titi ya taɓa shi. Da an murɗa kusa ɗaya, mun sani."

Ni da na saba ciniki da mahauta, ban taɓa jin mai sayarwa ya ce in kaya ya ɓaci a dawo mashi ba. Na ce lallai Turawa sun san amana.

Ban kai ganuwa ba babur ya yi tari. Ya shaƙe, ya saki, ya sake shaƙewa. Na juya na koma. Babaji ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Sabo ne, bai saki jiki ba. Amarya ma ai ba ta magana ranar farko. Ka yi ta hawa."

Ku riƙe wannan, don zan dawo kanshi. Ranar farko ya yi tari, kafin kowa ya taɓa shi, kuma a gaban Babaji na faɗa.

Da yamma na kai shi Ƙofar Kaura na tura shi har cikin soro. Hajo, kakar Lami, ta fito da sandarta tana zagaya shi.

"Angona, wannan jan shaiɗanin za ka ɗora mani jika? To ni fa, a ina zan zauna?"

"Ke tanki zan ɗora ki, Hajo, ki riƙa busa mani oda."

"Ja'iri. Ka kashe ni ka huta da kishi."

Lami ta kawo rigar sirdi da ta saƙa da ulu, ja da fari, da tuntaye a gefe. Garin ɗaurawa awarwaronta ya karci tankin, ya bar ɗan zane kamar jinjirin wata kusa da murfin mai. Ta dafe baki. Na ce ta bar shi, ta sa hannu kenan. Aka kira magariba, na bi Malam Dabo masallaci, na bar babur a soro.

Tarin bai daina ba, ƙaruwa ya yi. In na zo hawa tudu sai ya yi kamar mai asma, hayaƙi baƙi, sannan ya mutu. Na tura shi Kambarawa wurin abokina Yohanna, makaniki ɗan kudancin Zariya, wanda muka yi shekaru muna shan shayi teburi ɗaya. Ya buga shi, ya saurara.

"Kawo in buɗe. Kafin ka gama shan raken nan ka hau abinka."

"A'a, Yohanna. Fenti."

"Wane fenti?"

Na nuna mashi. Ya daɗe yana kallon ɗigon, ya dube ni.

"To, Sammani. Ka gaida mani fenti."

Na kai shi kamfani. Ƙofar da na shiga ranar saye tana gaba, mai gilashi. Ƙofar masu gyara tana baya, ta kwano, da maigadi da kulki. Babu lemo. Aka karɓi babur aka tura ciki, aka ce ba a shiga, in dawo jibi.

Jibi aka ce fomen ya tafi Kano. Na koma, fomen ya dawo amma mai makullin sito ya tafi suna. Na koma, an duba, wani abu ne a cikin kabireto, an aika Kano. Kano ta ce sai Ikko. Ikko ta ce kayan suna cikin jirgi, jirgin yana kan ruwa, jiragen siminti sun tare tasha. Ni da ban taɓa ganin teku ba, na zama kullum ina tambayar lafiyar jirgi kamar uwata ce a ciki.

Akwai benci ƙarƙashin dalbejiya a bakin ƙofar kwanon nan. Nan muke zama, mu masu garanti. Har mun san juna, muna tambayar iyali. Wani tsohon malamin dabbobi da ya riga mu duka shi muke kira Sarkin Benci. Duk baƙon da ya zo da sabon babur yana turawa, sai ya ce mashi, "Sannu da zuwa. Jibi aka ce maka ko? Mu ma jibi ne. Matsa mashi ya zauna."

Amma ina lura. Akwai waɗanda ba su zama benci. Su ta ƙofar gilashi suke shiga, su gaisa da Babaji hannu a dunƙule, washegari su fito da babur yana ƙyalli. Na tambayi Sarkin Benci, su jirginsu ta ina yake biyowa? Ya ce, "Ka cika tambaya, yaro."

Babaji kuwa ya daina gane ni. Alhajin ya faɗi, na koma "kai mai jan nan". In na tare shi zai shiga mota sai ya ce, "Muna kai, muna kai," gilashi na tashi.

A Ƙofar Kaura kuma an fara kallon ƙafafuna. Da na yi sallama Inna Jummai za ta ɗaga murya daga ciki: "Ban ji ƙara ba. A ƙasa ya zo?" Wata rana Malam Dabo ya tsayar da ni bayan sallah.

"Sammani, ina abin hawan?"

"Yana kamfani, Baba. Ana jiran kaya."

"Hutu ya kusa ƙarewa."

"Zan samu aro kafin nan, in Allah ya so."

"Aro." Ya gyara carbi. "Mai aro yakan karɓi abinshi ranar da ya ga dama. Ranar ɗiyata ta kwana ina? In ga naka a ƙofar nan, in ɗaura. Ban gan shi ba, ban ɗaurawa."

Saura mako guda a buɗe makaranta na je ƙofar kwano, maigadi ya ce jibi. Ban san lokacin da na ture shi ba. Na shiga.

Babura ne jere a ƙarƙashin rumfa, ƙura ta rufe su. Na wuce nawa sau biyu ban gane shi ba. Babu tanki. Babu fitila, babu batir, babu madubi ko ɗaya. Ƙafar gaba an cire, an tokare shi da bulo. Rigar sirdin da Lami ta saƙa tana rataye a kafaɗar wani makaniki, ta yi baƙi ƙirin, da ita yake goge hannu.

Murfin gefe kuwa, inda iska ke shiga inji, yana buɗe. A ciki ga wata 'yar laya, jar fata, ba ta fi kan babban yatsa ba, an ɗaure ta da ulu ja da fari.

Fomen ya taso, hannunshi naɗe da tsumma.

"Kai ne mai shi? To ka zo ka ɗauke abinka. Ranar da na buɗe wurin nan sifana ta kuɓuce ta tsaga mani hannu, har yau bai warke ba. Babu yaron da zai ƙara sa hannu a injin nan."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kawo shi."

"To jirgin fa?"

"Wane jirgi?"

Na nuna gurbin tankin. Na ce, "Kuna tsoron taɓa shi, ina tankina?"

"A'a, tanki ai yana sama. Ba ruwanshi da ita."

Kun ji. Tsoron laya ya hana su gyara, bai hana su kwancewa ba.

Hayaniya ta fito da Babaji. Bai ko cire tabarau ba. Ya nuna kusar murfin da bakin biro, daga nesa.

"Ka ga fenti ya fashe. An buɗe, an cusa abu a hanyar iska. Shi ya shaƙe injin. Garanti ya mutu."

"Yallaɓai, ranar farko ya yi tari. Na dawo na faɗa maka. Ka ce amarya ba ta magana."

"Ni? Mutum nawa nake gani a rana?"

"To mi ya sa ba ku faɗa mani ba tun tuni, kuka bar ni a benci?"

"Muna jiran Kano ta yanke hukunci."

"Kayana fa?"

"Aro muka yi ma masu garanti mai rai. In kaya sun iso za a mayar maka. Gyaran kuma yanzu da kuɗinka ne."

"Ku haɗa mani shi yadda na kawo, in kai inda za a gyara."

"Da mi za mu haɗa? Na ce maka sai kaya sun iso."

Na duƙa na sa hannu na ciro layar. Duk suka ja da baya, har Babaji. Wannan ne kaɗai girman da na samu a kamfanin nan. Na fizge rigar sirdin daga kafaɗar makanikin na fita. Sarkin Benci ya dube ni, ya matsa mani wuri. Ban zauna ba.

A ƙasa na tafi Ƙofar Kaura. Tun daga nesa na hango jan babur a ƙofar gidan, na Sada. Na san ya faɗi da shi kwanakin baya a kwanar kasuwa, tankin ya lotsa, fitila ta fashe, duk gari an yi mashi jaje. Yanzu ga shi sumul. Na matsa. Kusa da murfin mai, ga jinjirin wata.

Na tsaya a bakin masallaci har ya fito, da farar riga mai aiki da agogo, ya ɗaga mani hannu kamar abokin arziki, ya buga babur bugu ɗaya ya tashi. Har ga Allah ban ce ya san tankin wa ya hau ba. Shi dai ya gaisa da manaja, an yi mashi gyara.

Lami na soro ba ta kai ga naɗe tabarma ba. Hajo na gefe tana ɓare gyaɗa. Na ajiye layar a tsakiyar tabarma, da baƙar rigar sirdin.

Lami ta kalle su, ta zauna a hankali.

"A ina ka samo?"

"Inda kika sa."

"Ranar da ka tafi masallaci da Baba ne," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Hajo ta karɓo wurin wani malami. Ya ce a ɓoye inda ido ba ya gani. Da bakin cokali na kwance, na mayar yadda yake. Don kada ka faɗi ne, Malam Sammani. Kullum ana kawo labarin wanda babur ya karya."

Na faɗa masu abin da Babaji ya ce. Ban ɗaga murya ba. Hajo ta tsaya da ɓarar gyaɗa.

"To su ina ruwansu da laya? Ita ta ci masu ƙarfe? Kai, angona, tsakaninka da Allah, tun da aka sa ta ka taɓa faɗuwa?"

"Hajo, ina na hau balle in faɗi?"

"To ka gani. Ta yi aiki."

Na so in yi dariya, ban iya ba.

Lami ta ɗauki rigar sirdin tana juyawa, baƙin mai na ɓata mata yatsu.

"Ka ga tankin?" ta ce.

"Na gani."

"Ni ma na gani. Tun da Sada ya tsaya da babur na gane shi. Za ka faɗa ma Baba?"

Na san Malam Dabo. Ba ya son layu ko kaɗan, sun sha yi da Hajo a kai. In ya ji ɗiyarshi ta kwance babur ɗin saurayi ta cusa laya, ba ni zai tausaya mawa ba. Cewa zai yi yarinyar da ta iya wannan a soron gidanshi ba ta fita ƙauye ko da miji. In rasa ta, ita ma ta rasa ajin.

"Ba ni faɗa mashi."

"Litinin ta sama ake buɗewa."

"Ki jira ni, Lami. Shekara ɗaya. In sake tara fatu."

"In ban je ba wata za a ba. Akwai masu jira." Hawaye na zuba, amma ba ta kau da ido ba. "Ni na ɓata, na sani, kuma zan mutu da sanin haka. Amma na faɗa maka tun farko kada ka bari a sa ni zaɓa."

Ta faɗa kuwa. Ban iya cewa ta yaudare ni.

Na ɗauki layar na sa aljihu. Ta ce in bar mata. Na ce a'a, a cikin babur ɗina aka same ta, ita kaɗai kamfani ya bar mani.

Ranar Juma'a aka ɗaura da Sada. Litinin da safe ina tsaye bakin ganuwa, kamar mai jiran wani, suka wuce. Ta zauna a karkace cikin farin mayafi, jakar littattafai a cinya. Ba ta riƙe shi ba, ƙarfen baya ta riƙe. Ban san ko ta gan ni ba.

Jirgi ya iso, in ma akwai jirgin, bayan ta yi haihuwar fari. Aka aiko in zo in ɗauki babur. Sun ɗaura mani tsohon tankin Sada mai lotsawa, an bubbuge shi da guduma an shafa fenti. Na buga, ya tashi, ya yi tari. Tarin nan na ranar farko, ba laya, ba komi.

Abin da ya sa na tono wannan yanzu, shekaranjiya saƙo ya shigo mani a waya daga wata yarinya. Ta rubuta: "Baba Sammani ina wuni. Ni jikar Hajiya Lami ce. Ta ce in tambaye ka ko kayanta na nan. Kuma don Allah Baba, ni ban gane ba, a labarin nan naku wa ya cuci wa?"

Kayanta na nan, ɗiyata. Ki ce mata ba ni ba ɗan aike, ta san hanyar gidana a Ƙofar Durɓi.

Tambayarki kuwa ga amsa. Kamfani ya ci: ya sayar mani da babur, ya kuma sayar da shi gunduwa-gunduwa ga wasu ina zaune a benci ina yi ma jirgi addu'a. Babaji ya ci, gidan sama ya gina kafin kamfanin ya rufe. Kakanki Sada, Allah ya jiƙanshi, ya ci, ya samu mata da tanki a mako ɗaya. Kakarki ta samu allinta, ta riƙe shi har ta yi ritaya, rabin ƙauyen nan ita ta koya masu rubuta sunansu. Ko ta ci ko ba ta ci ba, ita za ki tambaya. Ni na rasa fatu, na rasa gona, na rasa Lami, don na tsare ɗigon fenti kamar amanar marayu. Abin da na fita da shi 'yar jar fata ce, tana aljihuna yanzu haka. Na hau babura iri-iri tun daga lokacin, ban taɓa faɗuwa ba. A duk cinikin nan, ita kaɗai ce garantinta bai mutu ba.